Shafin Intanet Ba Ya Zama Sai Da Ciyarwa

Duk wanda ya san ƙasar Ikara da Maƙarfi da Kudan ya san cewa harkar rubutu a kan takarda tana ja da baya. Ɗalibin da ke neman shiga makarantar kimiyyar lafiya ta Maƙarfi, wadda ke ɗauke da sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, ta intanet yake fara neman bayani, kuma haka ake bukatar sakatariyar ƙaramar hukuma a Hunƙuyi ko Ikara ta riƙa sanar da jama'a. To, amma mutane ƙalilan ne suka san abin da ake kashewa kafin shafi ya zauna daram.

Kowane shafi yana kwance ne cikin wata babbar kwamfuta da ake kira uwar garke, wadda tilas ta kasance a kunne dare da rana. Mai shafi zai iya sayen tasa ya girke a ofis, ko kuwa ya yi hayar wuri a wajen wani kamfani.

Wanda ya zaɓi girke tasa, wutar lantarki ce za ta fara kama shi. Na'ura mai cin wat 300 tana shan kimanin yunit 216 a wata. Bisa farashin N225 da aka yanka wa masu rukunin A cikin Afrilun 2024, kuɗin ya tasam ma N48,600, ban da na sanyaya ɗaki. Alhali kuwa a ƙauyuka samun wutar ma aiki ne, don haka sai janareta, ga shi an janye tallafin man fetur tun 29 ga Mayu, 2023. Ko an koma hasken rana, batura suna mutuwa, kuma akwai albashin mai kula da na'urar.

Saboda haka galibi haya ake yi, kuma nan ne dala ke shigowa. Kamfanonin Amurka da Turai da dala suke karɓa, na gida ma da ita suke sayo kayan aiki. Kafin a saki naira a Yunin 2023, dala tana wajen N460 a farashin gwamnati, watau hayar dala 10 a wata N4,600 ke nan. A 2024 dala ta haura N1,500, hayar nan ta koma N15,000 ba tare da an ƙara wa mai shafi komai ba. Dillalin rake a Maƙarfi da ya buɗe shafi don masu saye daga Kudu, da naira yake ciniki, amma da dala ake cajinsa.

Akwai kuma sunan shafin. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da sunayen da ke ƙarewa da .ng, kuma da naira ake biya, sai dai sabunta shi ake yi shekara-shekara. In an yi sakaci ya faɗi, shafin ya ɓace, wani ma yana iya sayen sunan.

A nan ne hukumomi da dama ke tuntuɓe. Ana ware kuɗin gina shafi kamar na gina kwalbati, a yi bikin buɗewa, sannan a manta da shi a kasafin shekara mai zuwa. Gwamnatin Tarayya ta kafa Galaxy Backbone a 2006 domin ajiye bayanan hukumomi a cikin gida, amma shi ma biya ake yi. Kansilolin da ke duba kasafi ya kamata su riƙa tambayar wa zai biya hayar baɗi, da kuma sunan wa aka yi wa shafin rajista, na hukuma ko na ɗan kwangila.