Igiyar magini da layuka biyu

Kafin magini ya aza tubali ko ɗaya, sai ya shata ɗaki a ƙasa da igiya da turaku. In shatar ta karkace, bango ma zai karkace, azara ba za ta zauna daidai ba, kuɗin mai gida kuma sun tafi a banza. Saboda haka magini yana aiki da layuka iri biyu.

Na farko su ne layukan giciye. Suna haɗuwa su yi kusurwa daidai, mai 90°, irin kusurwar takardar littafi. Da faransanci ana ce musu droites perpendiculaires.

Na biyu su ne layukan jere. Ba su haɗuwa kome tsawonsu, don tazarar da ke tsakaninsu ɗaya ce a ko'ina, kamar layukan da ke cikin littafin rubutu. Da faransanci ana ce musu droites parallèles.

Ga ƙa'ida: in akwai miƙaƙƙen layi da ɗigo guda a gefensa, layin giciye ɗaya tak ne zai bi ta kan ɗigon. Layin jere ma ɗaya tak ne.

Yadda magini yake yi

A ce za a gina ɗaki mai tsawon metir 4 da faɗin metir 3. Magini ya ja layin bangon gaba, ya kafa turke A da turke B, metir 4 tsakaninsu. Ya ɗauko igiya mai metir 8, ya ɗaura baki ɗaya a A, ɗaya a B. Ya auna metir 3 daga A, ya yi ƙulli. Ya ja ƙullin har igiyar ta miƙe ta kowane gefe, ya kafa turke C a wurin.

Yanzu daga A zuwa C metir 3 ne, daga C zuwa B metir 5. Kusurwar A ta fita daidai. Dalili kuwa: 3 × 3 = 9, 4 × 4 = 16, 9 + 16 = 25, wato 5 × 5. Ana danganta wannan ƙa'ida ga Pitagor, wani masanin ƙasar Girka na zamanin da.

Saura bangon baya. Magini ya sake yin kusurwa daidai a B, ya auna metir 3, ya kafa turke D. Igiyar da ta haɗa C da D tana jere da bangon gaba. Kafin a fara haƙa, sai ya auna daga A zuwa D. In ya sami metir 5, shata ta yi kyau. In bai samu ba, sai ya tuge turaku ya sake.

Yadda ƴan makaranta suke yi

A cikin aji, ma'aunin kusurwa (équerre) ne yake maye gurbin igiya. A aza gefensa ɗaya a kan layi, a zame shi har ɗaya gefen ya taɓa ɗigon, a ja layi. Wannan shi ne layin giciye. A sake aza ma'aunin a kan sabon layin, daidai ɗigon, a ja wani layi. Wannan yana jere da layin farko.

Tambayoyi

1. Layukan jere nawa ne za su iya bi ta kan ɗigo ɗaya?
2. In AB metir 8 ne, AC metir 6, metir nawa ne BC?