Yis Ɗin Burodi da Allurar Ciwon Hanta

Tun bayan sulhun da aka yi da 'yan bindiga a ƙarshen 2024, da kasuwar shanu ta Birnin Gwari ta sake ci, ma'aikatan lafiya sun fara isa ƙauyukan da suka daɗe ba su taka ba. Sai dai tsohuwar jita-jita ta riga su isa: wai allurar ciwon hanta da ake yi wa jarirai da jinin mutane ake haɗa ta.

Maganar tana da tushe, amma zamaninta ya wuce. Rigakafin da aka amince da shi a Amurka a 1981 daga jinin masu ɗauke da cutar aka tace shi. Daga 1986 aka koma ga yis, irin wanda ke kumbura burodi.

Masana kan yanko guntu ɗaya daga ƙwayar gadon cutar, wanda ke ɗauke da umarnin ƙera ɓawonta kawai. Sai su ɗinke shi a wani ɗan zoben gado da ake kira filasmid, su cusa wa yis. Duk wanda ya taɓa sa wa kaza ƙwan zabo ya san dabarar: kaza ce ke kwanci, zabo ke fitowa. Yis na hayayyafa a manyan tankuna yana ƙera ɓawon, a tace, a zuba a kwalba. Ɓawo ne babu ƙwaya, ba ya haifar da cuta, amma jiki na ganinsa ya shirya yaƙi.

Haka insulin na masu ciwon sukari. A da daga jikin alade da saniya ake samo shi, har zuwa 1982 da aka amince da wanda bakteriya ke ƙerawa. Wato wannan fasaha ce ma ta raba Musulmi da abin da suke ƙyama.

Ban ga laifin mai shakka ba. Ba a manta gwajin maganin Pfizer a Kano a 1996 ba. Laifin na hukumomi ne. Tun 2004 allurar ke cikin rigakafin yara a Najeriya, amma wa ya zauna da ungozoma ko liman a Kuyello ko Randagi ya warware musu wannan da Hausa? Ga shi ana so jariri ya same ta cikin awa 24 da haihuwa, alhali mata da yawa a bakin dajin Kamuku a ɗaki suke haihuwa, asibiti kuma da nisa.