Kara-Kara, Unguwar da Damagaram Ke Shakka

A Damagaram, da zarar magariba ta gabato, akan gargaɗi baƙo kada ya ratsa Kara-Kara shi kaɗai. Asalin unguwar matsugunin kutare ce, waɗanda gari ya ture gefe tun da daɗewa. Samarin da suka tashi a can ba lakwal ba sana'a su ne suka cika ƙungiyoyin da ake ce ma "pale". Suna ɗaga ƙarfe, suna faɗa da wuƙa, wasu kuwa suna fasa-ƙwaurin isansi daga Nijeriya. A shekarar 2021 Aisha Maki, ɗiyar garin, ta nuna zamansu cikin fim ɗinta, Zinder. Duk da haka, baƙon da ya fara gaida mai unguwa, ya samu ɗan gari ya raka shi, da wuya a tare shi. Lambar ƴan sanda ita ce 17.