Farautar beyar a Alaska: Yadda zaɓen harsashi ke raba mafarauci da ajali

A tsibirin Kodiyak da ke Jihar Alaska ta Amurka, babu abin da ɗan jagoran mafarauta ya tsana kamar ya ji ƙarar bindiga, sannan ya ga dabbar da aka harba ta zabura ta faɗa kurmi. Daga nan aiki ya dawo kansa. Shi zai bi sawun jinin cikin sarƙaƙiyar da mutum ba ya hangen taku goma a gabansa, alhali dabbar tana ciki, ga ciwo ga fushi.

Dabbar ita ce beyar mai ruwan ƙasa, wadda ake kira girizili idan tana zaune a cikin ƙasa nesa da teku. Hukumar kula da kifi da namun daji ta Alaska ta ƙiyasta cewa akwai kusan 30,000 a jihar, kimanin 3,500 daga ciki a tsibiran Kodiyak. Ƙasurgumin namiji a can yana iya kai kilo 680, wato ya fi babban bijimi, kuma dabbar tana iya gudun kilomita sama da 50 a awa. Shi ya sa tambayar farko da ɗan jagora kan yi wa baƙo ita ce: wane harsashi ka zo da shi?

Inda doka ta yarda

Ba ko'ina ake wannan farauta ba. A jihohin Amurka 48 da ke haɗe da juna, an sa girizili cikin dabbobin da ke fuskantar barazana tun 1975. A 2018 wani alƙalin tarayya a Montana ya soke farautar da jihohin Wayomin da Aidaho suka shirya. Lardin Birtish Kolombiya na Kanada ma ya haramta ta a 2017, sai ga 'yan asalin yankin.

A Alaska kuwa ana yi, amma da sharuɗɗa. Wanda ba mazaunin jihar ba dole ne ya ɗauki ɗan jagora mai lasisi, ko ya tafi da ɗan'uwansa na kusa mazaunin jihar. An haramta harbin 'ya'ya da uwar da ke tafe da 'ya'yanta, kuma sai an kai fata da ƙoƙon kai ga hukuma ta sa musu hatimi. A Kodiyak, wanda ya raunata beyar ta tsere, an lissafa masa ita kamar ya kashe.

Harsasan da aka fi yarda da su

Lambar da ke gaban sunan harsashi tana nuna faɗinsa ne a ma'aunin inci. Wanda mafarauta da yawa ke ɗauka a matsayin mafi ƙanƙanta da ya dace shi ne .30-06 Springfield, wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1906. Don beyar, akan zaɓi mai nauyi daga cikinsa, mai giram 12 zuwa 14.

Sama da shi akwai .300 Winchester Magnum na 1963, sai .338 Winchester Magnum na 1958, wanda ya yi farin jini ƙwarai a Alaska, kansa yakan kai giram 16. Akwai kuma .375 H&H da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912 domin manyan namun Afirka da Indiya, mai giram 19. 'Yan jagora sukan riƙe shi ko wanda ya fi shi, domin su ba sa harbi sai abu ya ɓaci kuma dabba ta matso.

Ƙira ta fi girma

Sai dai girman harsashi ba shi ne ƙarshen magana ba. Jikin beyar yana da gashi mai kauri, da kitse, da tsoka mai tauri, da ƙashin kafaɗa mai ƙarfi. Harsashin da aka ƙera don barewa yana buɗewa da sauri, kuma idan ya bugi ƙashi yana iya tarwatsewa kafin ya kai huhu ko zuciya. Wanda ba ya buɗewa ko kaɗan kuma sai ya ratsa ya bar ƙaramin rauni. Abin da ake nema shi ne wanda zai buɗe, amma ya riƙe nauyinsa ya nutsa ciki sosai.

Wannan matsala ce ta sa John Nosler ya shiga sana'ar. A 1946 yana farauta a Kanada, harsasansa suka kasa shiga jikin wani ƙaton naman daji da taɓo ya bushe a fatarsa. Ya koma gida ya ƙera harsashin da aka raba dalmar cikinsa gida biyu da shingen ƙarfe: gaba ya buɗe, baya ya ci gaba da tafiya. A 1948 ya fara sayar da shi, kuma har yau ana amfani da Nosler Partition. A 1989 kamfanin Barnes ya fito da na zallar jan ƙarfe, wanda ba ya barin ɓurɓushin dalma a gawa, balle mikiya da hankaka su ci guba.

Mai bindiga ko bindiga?

Akwai abin da baƙi da yawa ba sa lissafawa, wato naushin da bindiga ke yi wa kafaɗa. Na .375 ya kusa ninka na .30-06. Wanda bai saba ba yakan fara tsoron bindigarsa, ya runtse ido ko ya fizge hannu kafin harsashi ya fita, sai ya sami ciki ko cinya maimakon ƙirji.

Saboda haka hukumar ta Alaska take shawartar baƙi su zo da bindigar da suka saba da ita suka iya saitinta, da su sayi sabuwa mai ƙarfi ana gobe tafiya. 'Yan jagora kuma kan matsa da baƙo kusa kafin su ba shi izinin harbi, su jira dabbar ta juyo da gefenta, kuma su ce ya ci gaba da harbi muddin ba ta kwanta ba.

Maharban ƙasar Hausa da suka taɓa bin ɓauna mai rauni ba za su yi mamakin wannan ba. Dabbar da aka harba ba daidai ba takan sha wahala kwana da kwanaki kafin ta mutu, ko ta huce a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. A Kodiyak, wanda ya fi kusa da wannan hatsari shi ne ɗan jagoran da zai shiga kurmin, shi ya sa yake duba harsashin baƙonsa tun kafin su bar sansani.