Daga Injin Feshi Zuwa Randar Mai Juna Biyu

Da zarar damina ta kankama, duk wanda ya ratsa karkarar Kano, Kaduna ko Neja zai ga matasa goye da injin feshi a tsakiyar gonaki. Maganin ciyawa ya rage wa manomi wahalar noman firi da kuɗin ƙwadago, wannan babu musu. Sai dai ba duk abin da aka fesa ne ke zama a gona ba. Ruwan sama kan wanke wani ya kai shi rafi da kududdufi, wani kuma ya nutse cikin ƙasa har ya iske rijiyar da ba ta da zurfi.

Atrazine, wanda ake fesa wa masara, dawa da rake, ya yi ƙaurin suna wajen gurɓata ruwa, domin yakan daɗe a cikin ruwa bai lalace ba. Yawan samunsa a ruwan ƙarƙashin ƙasa ne ya sa Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a 2004. A dokarta, kowane maganin feshi kada ya wuce maikirogiram 0.1 a litar ruwan sha, alhali giram guda ana raba shi gida miliyan ne kafin a samu maikirogiram ɗaya. Abin da bai kai ƙwayar ƙura ba, ta yaya ido ko harshe zai gane shi? Ruwa na iya zama garau, babu wari, amma yana ɗauke da shi.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne ɗan da ke ciki, domin wasu magungunan na ratsa mabiyiya su kai gare shi a lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke ginuwa. Wani bincike da aka wallafa a 2011 kan masu juna biyu a yankin Brittany na Faransa ya nuna cewa matan da aka samu burbushin atrazine a fitsarinsu sun fi haifar jarirai marasa cikakken girma, masu ƙaramin kai. Alaƙa kawai binciken ya nuna, bai ce kowace mace haka za ta faru gare ta ba, amma ya isa gargaɗi. A Najeriya ma, hukumar NAFDAC ta sanar da janye atrazine da wasu magungunan feshi, paraquat da chlorpyrifos, daga kasuwa.

Tafasa ruwa na kashe ƙwayoyin kwalara da taifot, kuma kada a bar shi, amma ba ya cire irin wannan guba. Alif ma laka kawai yake kwantarwa. Abin da ke rage ta shi ne matatar ruwa mai gawayin da aka sarrafa musamman, ba gawayin girki ba, ita ma sai ana sauya ta a kan kari.

Saboda haka babban nauyin yana wuyan maigida. Kada a haɗa magani ko a wanke injin feshi a bakin rijiya ko rafi. Galan ɗin magani ba ya komawa na ruwa, ko sau nawa aka ɗauraye shi. A huda shi. A yi wa rijiya murfi da dakali. Mai ciki kada ta shiga gona ranar feshi, kada kuma a ba ta wankin kayan da aka yi feshi da su. Idan rijiyar gida na gefen gona, a nemo mata ruwan burtsatse mai zurfi, musamman a makonnin farko na damina, kuma ranar awo ta faɗa wa ma'aikaciyar jinya inda take ɗebo ruwan sha.