Holbein, Mai Zanen Fadar Ingila

A zamanin da babu kyamara, yawancin mutanen Ingila har su koma ga Mahaliccinsu ba su taɓa ɗora ido a kan sarkinsu ba. Abin da mai zane ya nuna, shi ne sarki. Saboda haka fada ba ta wasa da wannan sana'a, ba ta kuma jin kunyar ɗauko gwani daga ƙetare. Hans Holbein, wanda ya zama mai zanen Sarki Henry na Takwas, Bajamushe ne, haifaffen garin Augsburg.

Fentin mai shi ne makaminsa. Ana kwaɓa garin launi da mai, a shafa a kan allon katako. Da yake ba ya saurin bushewa, mai zane yana da sukunin gyarawa, ya bi shafi da shafi, har sheƙin alharini da ƙyallin zinariya su fito kamar a taɓa. Wani ɗan ƙaramin allo da ya zana Henry a kai, wanda ke birnin Madrid yanzu, har da zinariya ta gaske aka yi wa adon rigar.

A 1537 ya zana sarkin a bangon fadar Whitehall: tsaye, ƙafafu a buɗe, kafaɗu kamar na ɗan dambe, yana kallon mutum ido cikin ido. Ba kambi, ba sandar mulki, tsayuwar kaɗai ta isa. Alhali shekara guda kafin nan sarkin ya faɗo daga kan doki, gyambon ƙafa kuma yana cinsa. Gobara ta cinye bangon a 1698, amma an riga an kwafe shi da yawa, kuma wannan Henry ɗin ne duniya ta sani har gobe.

Zanen da ya fi jawo magana shi ne na 1539. An aiki Holbein ya zano Anne ta Cleves, domin sarki ya ga amarya kafin a ɗaura aure. Hoto ya yi masa. Da mai hoton ta iso, sai ya ce sam. Duk da haka aka ɗaura auren a Janairun 1540, aka warware a Yuli. A watan ne aka fille kan Thomas Cromwell, wazirin da ya ƙulla auren, ko da yake maƙiyansa sun daɗe suna haƙonsa. Holbein kuwa ba wanda ya taɓa shi. Ya ci gaba da aikin fada har ya mutu a Landan a 1543.