Kududdufi da Makomar Birnin Kano

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa yin damina a Kano ya san ruwan sa'a biyu a watan Agusta ya isa ya mayar da wasu manyan tituna rafuka, ya shiga shaguna, ya kayar da katangu. A watan Agusta na 2022 ambaliya ta shiga kasuwar Kantin Kwari ta lalata dukiya mai ɗimbin yawa. Akan ɗora alhakin irin wannan ɓarna a kan sauyin yanayi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikin haka. Sai dai manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa rabin matsalar a ƙasa take, watau a yadda birnin ya cike wuraren da ruwa yake kwanciya a da. Za a ɗauki kududdufi a matsayin misali, a bayyana asalinsa, da aikinsa, da abin da rashinsa ya haifar.

Asalin Kududdufi

Kududdufi rami ne da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini. Da jar ƙasa aka gina tsohon birnin Kano, tun daga badala, wadda tarihi ya nuna an fara ta a zamanin Sarki Gijimasu (1095-1134) aka kuma faɗaɗa ta a zamanin Muhammadu Rumfa (1463-1499), har zuwa gidajen talakawa. Magina sukan haƙi ƙasa a kusa da inda za a yi gini, su kwaɓa ta, su yi tubali, su ta da bango, a rufa da azara, a shafe da makuba. Da yake gidan ƙasa yana bukatar yaɓe kusan kowace shekara, sai ramin ya yi ta faɗi yana zurfi. Ta haka unguwanni da dama suka sami kududdufansu.

Idan damina ta sauka, ruwa yakan zubo daga indararo, ya bi lungu, ya gangara cikin kududdufi. Abin da ya yi saura ya nufi Jakara, wadda ta ratsa birni ta gefen kasuwar Kurmi. Ke nan ramin da ya ba da ƙasar gida, shi ne kuma yake karɓar ruwan da zai iya rushe gidan.

Aikin da Yake Yi

Ana iya gane girman wannan aiki da ɗan lissafi. Ruwan sama na milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. Saboda haka idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare guda, hekta 1 takan karɓi lita 500,000. In filin gona ne, ƙasa za ta shanye kaso mai yawa. In kuwa rufin kwano ne da daɓen siminti da kwalta, kusan duk ruwan zai kwarara, kuma a lokaci guda. Kududdufi yakan riƙe wannan ruwa ya hana shi isa magudana gaba ɗaya, sa'an nan ya bar wani kaso ya tsiyaya ƙasa sannu a hankali. Wannan tsiyaya tana da muhimmanci, domin Kano a kan dutse take, ruwan rijiyoyinta kuwa a cikin rubabben dutsen da ke sama da tsagoginsa yake taruwa, kuma ruwan sama ne yake sabunta shi.

Amma fa kududdufi yana da nasa aibin. Matattarar sauro ce, ana zuba masa shara da ƙazanta, yara kuma sukan halaka a ciki. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya koka da ruwan da ke kwance a tsakiyar birni. Don haka masu cewa a cike kududdufai suna da hujja. Kuskuren shi ne a cike su ba tare da an yi wa ruwan wani masauki ba.

Bunƙasar Birni

Barth ya ƙiyasta mutanen Kano da 30,000. Ƙidayar 1952 ta ba da kimanin 130,000. A yau ana ƙiyasta birni da kewaye, watau ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale da Fagge da Nasarawa da Tarauni da Kumbotso da Ungogo, da mutum fiye da miliyan 4. An yi wa birnin tsari na shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wanda aka fi sani da tsarin Trevallion, amma yaɗuwar gari ta fi ƙarfinsa. Unguwannin awon igiya suka cinye gonaki, ba tare da an ware hanyar ruwa ba.

Abubuwa 3 suka haɗu a kan kududdufi. Na farko, bulo da siminti sun maye gurbin tubali, saboda haka ba a bukatar ƙasarsa. Na biyu, fili ya yi tsada, har ramin da ba a kula da shi a da ya zama fuloti. Na uku, shara ta sauya kama. A da toka ce da kashin dabbobi, waɗanda manoman karkarar Kano suke zuwa da jakuna su kwasa su kai gona a matsayin taki. Yanzu leda da roba sun yi mata yawa, su kuwa ba sa ruɓewa, sai dai su cike rami su toshe lambatu.

Sauyin Yanayi

A daidai lokacin da wuraren kwanciyar ruwa suke raguwa, shi kuma ruwan yana sauya hali. Masana sun tabbatar cewa duk ƙarin zafi na digiri 1 yakan sa iska ta riƙe ƙarin tururi na kusan kashi 7 cikin 100. Bincike ya kuma nuna cewa hadari mai tsanani ya ƙara yawaita a yankin Sahel tun daga shekarun 1980. Yankin da ya sha farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984, shi ne kuma ya ga ballewar madatsar Bagauda a watan Agusta na 1988. Ashe birnin yana bukatar shiri biyu: na ranar da ruwa ya yi yawa, da na ranar da ya yi ƙaranci. Kududdufi yana amfani a duka biyun, alhali lambatun siminti korar ruwa kawai ya iya, sau da yawa ma zuwa unguwar da ke gangare.

Abin da Ya Kamata

Ba komawa ginin tubali ake nufi ba. Abin da ake bukata shi ne a ɗauki kududdufi a matsayin kayan aikin gari, daidai da titi da kwalbati. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, don haka akwai ikon da za a ƙidaya waɗanda suka rage, a shata iyakarsu, a hana yanka su. Sa'an nan a yashe su, a kewaye su saboda yara, a raba su da ruwan masai, a dasa itatuwa a gefensu. A sababbin unguwanni kuwa, a ware kwari tun kafin a raba filaye. Masu unguwanni da dagatai, waɗanda suka san inda ruwa yake bi tun kaka da kakanni, su ne shaidun farko da ya kamata masu zanen taswira su tuntuɓa.

Kammalawa

An ga cewa kududdufi ya samu ne daga gini, ya kuma zama kariya ga ginin. Da bukatar ƙasarsa ta ƙare, sai aka ɗauka amfaninsa ya ƙare, alhali ruwan da yake riƙewa yana nan yana sauka, har ma da ƙari. Fulotin da aka yanka a kansa ribar mutum ɗaya ce, ambaliyar da za ta biyo baya kuwa asarar unguwa ce. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Ranar da ake yanka fili ita ce ranar da ya kamata a tambayi inda ruwa zai kwana.